Ƙarfen da Kaka Ta Goge

A filin jirgin saman Istanbul aka fara kwance mini kaya. Jakata ta shiga na'urar bincike ta fito, aka mayar da ita ta sake shiga, sai wani ma'aikaci mai safar hannu ya ɗauke ta gefe ya yafito ni da yatsa. Malama Kulu, malamarmu ta kimiyya da ta rako ni, tana can baya tana laluben fasfonta a jaka. Ni kaɗai na tsaya gabansa.

Ya ɗaga zannuwana, ya ciro ƙunshin da kakata ta ɗaure da tsohon ɗankwalinta. Da ya kwance, ƙarfen ya ɗauki hasken fitilun wurin yana ta walƙiya. Ya juya shi, ya bi haƙoransa da babban yatsa, ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan. Na san amsar, wata uku na yi ina haddace ta. Bakina ya ƙi buɗewa. Sai na dunƙule yatsuna na ware su, kamar fitila tana kamawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ƙarfen cikin ɗankwalin, ya ɗaure shi da irin ɗaurin da bai yi kama da na Kaka ba.

Fitilar gaban keke mai ƙafa uku ce. Babana gyaran wutar babura da kekuna yake yi a Badariya, cikin Birnin Kebbi, ni nake kai masa abincin rana idan babu makaranta. 'Yan kabu-kabu da masu keke duk sun koma ƙwan LED, saboda farin haskensa da rashin shan batir. Amma da bazara ta kama sai ƙwayayen su dinga mutuwa. Irin wannan ƙwan ba ya ƙona hannu ta gaba. A bayansa zafin yake taruwa, a kan ɗan farantin da ƙwayoyin hasken suke zaune, shi ya sa masu ƙera shi suka maƙala masa 'yar ƙaramar fanka. Baba yana zubar da matattun a wani tsohon gwangwanin fenti. Wata rana ina jiran ya gama cin abinci na zazzage gwangwanin, na dinga juya fankokin da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba ta juya ba. Yashi da ƙaiƙayin shinkafa na hanyar Argungu sun toshe su.

Daga nan tunanin fitila marar fanka ya zo mini, wadda za a ɗaura wa babban ƙarfen alminiyam a baya, mai haƙora da yawa, ya riƙa shanye zafin yana sakin sa a iska. Mataji muke ce masa a gida, don da mataji ya yi kama. Shi ya kai ni taron ɗalibai a garin Bursa na ƙasar Turkiyya, ina aji biyu na babbar sakandare. Sharaɗin taron a rubuce yake. Za a sa fitila cikin akwati mai zafin digiri arba'in da biyar, a kunna ta awa ɗaya, kada farantin ya wuce tamanin da biyar. Kuma lambar da aka samu dole ta dace da wadda ɗalibi ya rubuta a littafin gwajinsa. Wanda lambarsa ta saɓa, za a cire sunansa a kuma rubuta wa makarantarsu. Littafina ya ce saba'in da tara. Kowane shafinsa akwai sa hannun Malama Kulu a ƙasa.

Muna fitowa daga wurin bincike wani saurayi ya tare mu, da kati rataye a wuya. Ya yi mana cikakkiyar sallama, ya ce, "Najeriya? Bursa?" Malama ta yi hamdala, ta ɗauka masu taron ne suka aiko shi. Ya ja mana jaka har wani benci, ya ce mu zauna zai yanko mana tikitin mota, ya karɓi abin da ya karɓa a hannun Malama ya shige cikin mutane. Mun fi awa biyu a bencin nan.

"Malama," na ce a ƙarshe, "hoton da ke katinsa ba fuskarsa ba ce. Kuma sai da ya karanta bayan takardun hannunki kafin ya ce Bursa."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Yaushe kika gani?"

"Tun da ya zo."

"Kin gani, Luba, ba ki hwaɗi ba?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta tashi ta je ta nemo motar da kanta.

A motar Bursa ne sanyi ya same ni sosai. Na taɓa jin sanyin fadama da asuba, lokacin da masu albasa ke fita ban ruwa, na ɗauka na san sanyi. Wannan a ƙashi yake zama. Na zauna kusa da wata tsohuwa mai ɗankwali mai furanni, tana saƙa. Muka hau wata gada mai tsawo, ruwa ta ko'ina, launin toka, babu kwalekwale ko ɗaya, babu mai wanki a baki. Na tuna gulbinmu na Argungu da yara ke tsalle a ciki, sai hawaye suka zo mini ba shiri. Tsohuwar ba ta tambaye ni komai ba, da ma ba mu da harshen tambaya. Ta ajiye saƙar, ta kama hannuwana biyu ta dinga murza su cikin nata har suka yi ɗumi. Sannan ta ciro safar hannu ta ulu daga jakarta, ɗaya ta fi ɗaya girma, ta sa mini. Da muka isa na cire zan mayar mata, ta buge mini hannu a hankali kamar yadda ake yi wa yaro mai taɓa miya.

Masaukinmu ɗakin kwanan ɗalibai ne a gindin wani dutse mai farar ƙanƙara a kai. A jikin bango akwai ƙarfen ɗumama ɗaki, shi ma mai haƙora, babban yayan matajina. Kusa da shi nake zama. Da safe aka kawo burodi da cuku da zaitun mai ɗaci da shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Na ci burodin. Raina yana kan tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Lokutan salla ma sun rikice mini, la'asar na bin azahar kamar ana korarta.

A wannan ɗakin na kwance ɗankwalin na sake duba fitilar. Ya kamata in faɗi yadda aka yi ta koma haka.

Wani mai zuba tukwane a Argungu ne ya zuba mini matajin da tsofaffin ƙarafan inji. Ba ni da akwatin zafi, amma ina da ɗakin girkin Kaka Tumba, mahaifiyar babana, a can Argungu. Rufin kwano ne, gajere, taga ɗaya. Da azahar a watan Afrilu mitar Baba mai wayar auna zafi takan nuna arba'in da huɗu, arba'in da shida a ciki. Na rataye fitilar a ƙusa jikin azara, na haɗa ta da batirin babur. Hutun makarantar nan gaba ɗaya, sati huɗu, kullum da azahar ina ciki da littafina, gumi na ɗiga a kan takarda, Kaka na gefe tana hura wuta tana tsokanata.

"Ke wace irin ɗiya ce? 'Yan uwanki na inuwa, ke kina gadin hitila da rana tsaka. Ko aljanu kika haska wa?"

Bayan hutu fitilar ta ci gaba da zama a ƙusarta, watanni, har ranar da na je ɗaukarta ana saura kwana biyu mu tashi. Na tarar da Kaka zaune a tabarma, matajin a cinyarta, ga toka, ga yashin gulbi, ga ɓawon lemun tsami da soson ƙarfe. Har tsakanin haƙoran ta bi da tsumma a kan tsinke.

"Kaka, me kika yi masa?"

"Wanga abu za ki kai garin mutane baƙi ƙirin, awa gindin tukunyar gidan biki? Su ce gidanku babu mata?"

"Ai ba tukunya ba ce."

"Wa yaz zuba shi? Ba mai tukwane ba? To tukunya ta."

A gidanmu ko kwanon aro ba ya komawa sai yana ɗaukar ido, balle abin da zai ƙetare teku. Gaskiya ni ma daɗi na ji. Na ga ya yi kama da abin kanti. Ban sake gwada shi ba, mitar ma ta riga ta koma shagon Baba.

Ranar gwaji aka kai mu wani ɗakin bincike a wata kwalejin fasaha. Ɗalibai daga ƙasashe da yawa, kayansu ƙanana, sumul. Wata yarinya mai jan gashi ta leƙa teburina ta tambaye ni ko abin ado ne. Mai kula da na'urorin wata mata ce mai gajeren gashi da tabarau rataye da igiya, ana ce mata Nuran. Ita ta manna siririyar wayar auna zafi a kan farantin, ta sa fitilar a akwatin, ta rufe ƙofa mai gilashi. Alƙalin gwajin wani dattijon farfesa ne dogo, da fensir a bayan kunne kamar kafinta.

Aka kunna. Haske ya cika akwatin. Lambar da ke allo ta fara hawa, ni kuwa na san hawan nan kamar hanyar gidanmu: da sauri a farko, sannan ta gaji, ta tsaya. A minti goma ta kai sittin da biyar. A minti ashirin, saba'in da takwas. A nan ya kamata ta fara gajiya. Ba ta gaji ba. Tamanin da biyu. Tamanin da huɗu. Malama ta riƙe mini gefen hijabi. A minti talatin da takwas ta wuce tamanin da biyar, na'urar ta yi wata 'yar ƙara. Da ta kai casa'in Nuran ta kashe wutar don kada ƙwan ya ƙone.

Farfesa ya ɗauki littafina yana buɗewa a hankali, yana lasar yatsa. Ya karanto lambobin ƙarshen kowane sati: casa'in da ɗaya, tamanin da shida, tamanin da biyu, saba'in da tara.

"Tsakanin satin farko da na ƙarshe, me kika canza a jikin fitilar?"

"Ban canza komai ba," na ce. Da ƙyar na ji muryata.

"Zafin ɗakin ya ragu?"

"A'a. Yana rubuce."

"Na gani." Ya rufe littafin. Ba da fushi ya yi maganar ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Ƙarfe ba ya gyaruwa da kansa, yarinya. Lambarki ta satin farko ita muka gani yau. Sauran daga ina suka fito?"

Ni ma na ga lambobin suna sauka a lokacin, na yi murna, ban tambayi dalili ba. Ya zaro fensirin ya rubuta wani abu a takardata, ya ce gobe da tsakar rana kwamiti zai zauna, in zo da safe in ɗauki kayana.

Da la'asar muka zauna a farfajiyar wani tsohon masallaci, inda kuliyoyi masu ƙiba ke kwance ba mai korarsu. Malama ta daɗe tana kallon ruwan alwala na zuba.

"Luba, ni ba ni Argungu sadda kike aune-aunenki. Hannu kawai nis sa. In akwai lambar da kika gyara, ko ɗaya, hwaɗa mini yanzu, in san abin da zan ce wa shugabar makaranta."

Na yi shekara biyu a ajinta. Ita ta fara kiran sunana a gaban ɗalibai ba don laifi ba. Na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji.

"Wallahi Malama, abin da mita ta nuna shi na rubuta."

"To." Ta sauke numfashi. "Na ji. Sai dai jin da na yi ba shi shiga akwatin can."

Abin da na kwana da shi ba tsoron a cire sunana ba ne kaɗai. Na yi ta ganin takardar tana isa makaranta, ana karanta ta a ofis, ana kiran Malama. Na ga Baba yana ji a bakin masu keke. Har na fara zargin idona: ko hayaƙi ne ya sa nake ganin bakwai a wurin tara?

Da safe muka koma. Nuran ita kaɗai ce a ɗakin. Ta ba ni shayi, ta ce kafin in tafi bari ta duba inda zafin yake maƙalewa, ko ba komai in koma gida da sani. Ta kunna fitilar a kan tebur, muka jira ta yi zafi, sai ta ɗauko kyamarar da ke ganin zafi. A allonta abu mai zafi rawaya yake fitowa, mai sanyi shuɗi. Ta nuna kofin shayina, ya fito rawaya. Ta nuna matajin, ya fito shuɗi, kamar bai san an kunna wuta ba, alhali wayar da ke jikinsa ta ce ya wuce sittin.

Ta yi ɗan tsaki, irin na wanda ya saba da abu. Ta yanko baƙin tef kamar faɗin farce ta manna a haƙori ɗaya, ta sake nunawa. Wurin tef ɗin kaɗai ya haske rawaya, sauran ƙarfen yana nan shuɗi.

Tun da na sauka ƙasar ban yi wa kowa tambaya ba. Na tuna bencin filin jirgi.

"Me ya sa?" na ce.

Ta cire tabarau ta yi mini bayani a hankali, da Turancinta mai tsalle-tsalle. Ƙarfe yana rabuwa da zafi ta hanya biyu: iska ta ɗauka, ko kuma ya jefar da shi kamar yadda garwashi ke dukan fuska daga nesa. Ƙarfe mai walƙiya ba ya iya jefawa sosai, riƙewa yake yi. Baƙi marar sheƙi yana jefawa. Kyamarar abin da aka jefo kawai take gani. Inda iska ba ta motsi, kamar cikin akwati ko bayan fitilar mota a tsaye, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Ta nuna mini wata kantar ajiye kaya da haɓa. Ƙarafan shan zafi ne jere, manya da ƙanana. Jiya na gan su. Har na ƙirga su, goma sha ɗaya. Dukansu baƙaƙe ne.

Na buɗe littafina. Ba lambobin na duba ba, gefen shafi na duba, inda nakan rubuta abubuwan da ba a tambaye ni ba. Rana ta biyar: Kaka ta dafa wake da ɗanyen itace, hayaƙi ya hana ni ganin mita. Rana ta goma sha ɗaya: mataji ya fara dushewa. Rana ta ashirin: na goge shi da kafaɗa, ya ɓata mini hijabi da baƙi, Kaka ta yi faɗa.

Na tura wa Malama littafin, na ɗora yatsa a wurin. Ta karanta sau biyu.

"Hayaƙin Kaka," ta ce a hankali. "Tashi, bari in je in same shi."

"Malama, ni zan faɗa."

Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta matsa ta ba ni hanya.

Mun sami Farfesa a baranda da kofin shayi a hannu, yana hira da wasu malamai biyu. Na tsaya a gabansa har ya lura da ni. Turancin da na haddace ba shi da amfani a nan, sai na harhaɗa wanda nake da shi. Na ce a ɗakin girki na yi gwajin. Na ce hayaƙin itace ne ya dinga baƙanta ƙarfen sati bayan sati, shi ya sa lambar ke sauka. Na nuna masa gefen shafukan. Ya ajiye kofin a kan taga ya karanta.

"To ina baƙin ya tafi?"

"Kakata ta wanke."

Ɗaya daga cikin malaman ya fashe da dariya. Farfesa ma gefen bakinsa ya motsa.

"Don me?"

"Ta ce ba a kai wa baƙi tukunya da datti."

Ya gyaɗa kai, ya ce tasa kakar ma da haka za ta yi, har ta ƙara da guga. Sannan fuskarsa ta koma yadda take.

"Doka ta hana a gyara kaya bayan gwaji. Amma ke cewa kike ba wannan ƙarfen kika auna ba. To mayar da shi yadda yake, a gabana. Kuma kafin a rufe akwati ki faɗa mini lambar da za ta fito. Idan labari ne kika shirya da daɗi, akwatin zai gaya mana."

Nuran ta kawo gwangwanin baƙin fenti na fesawa. Na ce a'a, ba fenti ba ne a littafina, hayaƙi ne. Ta tafi ɗakin cin abinci ta dawo da guntun kyandir.

Ba a kunna wuta a ɗakin bincike, don haka muka fita bayan ginin. Wata irin ƙanƙara mai laushi na sauka, iska na kashe ashana. Malama ta ware mayafinta ta yi mana katanga ta gefe ɗaya, Farfesa ya buɗe rigar sanyinsa ya tare ɗaya gefen, yana duba agogo. Na kwance matajin daga jikin fitilar, na riƙe shi da filaya, na dinga wuce da haƙoran ta kan harshen wutar, inda hayaƙi ya fi baƙi. Haƙori goma sha huɗu, kowanne fuska biyu, ga lunguna. Sau uku kyandir ya mutu. Kakin ya ɗiga mini a yatsa ban ji ba saboda sanyi. Ina yi ina tunanin Kaka a tabarmarta, da yinin da ta ɓata da tsinke da tsumma, tana yi mini gata da iyakar abin da ta sani. Ga ni a wata ƙasa ina warware mata aiki haƙori bayan haƙori. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Kewarta ce ta kama ni.

Muka koma ciki. Nuran ta mayar da ƙarfen, ta manna wayar a daidai inda take jiya. Farfesa ya zaro fensiri.

"Nawa?"

Na yi tunani. Hayaƙin kyandir na rabin awa ba zai kai na sati huɗu shiga lungu ba.

"Ba zai wuce tamanin da biyu ba."

Ya rubuta a bayan hannunsa. Aka rufe ƙofa.

Ban taɓa sanin awa ɗaya na da tsawo haka ba. Sittin da biyu a minti goma. Saba'in da uku a minti ashirin. Wasu ɗalibai suka taru a bayanmu, har da mai jan gashi. Malama tana jan carbi a cikin mayafi, ina jin ƙarar 'ya'yansa. Saba'in da takwas a rabin awa. Saba'in da tara. Tamanin. Na daina numfashi sosai. A minti arba'in da biyu ta koma tamanin da ɗaya. Na zuba wa lambar ido har idona ya kawo ruwa, ina jiran ɗayan ya zama biyu, biyu ya zama uku. Minti hamsin. Minti hamsin da biyar. Ta yi rawa sau ɗaya ta koma. Da ƙararrawar awa ta buga, tamanin da ɗaya ce a allo.

Farfesa ya duba bayan hannunsa, ya duba allon. Ya jawo takardata, ya juya fensirin, ya goge abin da ya rubuta jiya, ya hure ɓurɓushin.

"Kada ki ɗauka kin gama," ya ce. "Hayaƙi ba zai zauna a kan titi ba, ruwan sama ɗaya zai wanke shi, ko wata kakar. Ki nemo abin da zai zauna. Kuma nan gaba idan lamba ta yi miki daɗi ba dalili, ki fi tsananta mata bincike." "Jiya na faɗi magana a kanki gaban mutane. Ba daidai ba ce. Ga shi ina janye ta gaban mutane."

Ban ci kyautar komai a taron ba, sunana dai ya zauna a jerin waɗanda gwajinsu ya tabbata. Malama ta matso kusa da kunnena.

"Ki yahe mini zancen jiya, Luba."

"Ba komai, Malama."

"Da komai. Ki dai yahe."

Na ce na yafe. Farfesa ya miƙo mini takardar da biro, ya nuna inda zan sa hannu a ƙarƙashin sabuwar lambar. Na danne takardar da hagu na rubuta sunana. Da na ɗaga hannu, sai ga shatin yatsuna huɗu baƙi ƙirin a kan farar takardar mutane. Kunya ta rufe ni, na kama gefen hijabina zan goge.

Ya janye takardar daga gabana.

"Bar shi," ya ce, ya sa ta cikin fayil yadda take.